Kakin da Ya Ƙi Narkewa

Yayata Ardith ba ta gudu. Tun muna yara haka take, ko kare ne ya biyo mu sai dai ta tsaya ta juya ta yi masa faɗa. Shi ya sa da na hango ta a bakin teku ran nan da safe, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, ta tattare rigar ruwa tana sheƙo gudu cikin takalman roba, sai na tsaya cak. Na ce shi ke nan, gawa ta gani.

"Glenda! Ke Glenda!"

"Lafiya, Yaya? Tsaya mana, kada ki faɗi!"

"Kakin! Na tsinci kakin!"

A garinmu, nan inda kogin Nehalem yake shiga teku, idan aka ce "kakin" babu mai tambayar wanne. Wani jirgin ruwan Sifaniyawa ne ya nutse a gaɓarmu fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, maƙare da curin kakin zuma, kuma har yau teku takan tofo guntu jefi-jefi ta ba wanda ta ga dama. Akwai wani curi a gidan tarihi cikin gilashi, babu ɗan makarantar da ba a kai shi ya gani ba. Babanmu kuwa wajen neman nasa ya ƙarar da gwiwoyinsa. Duk lokacin sanyi, da guguwa ta kwashe yashi ta bar tsakuwa a fili, sai ya sa mu gaba da bokiti. Abu mafi daraja da ya taɓa tsinta shi ne haƙoran roba na wani bawan Allah, su ma na sama kawai.

Tun da mijina ya rasu na dawo gidan marigayi Baba muka zauna da Ardith, kuma ba mu bar al'adar ba, sai dai mun daina sa rai. Fitar ta zama ta miƙe ƙafa da gulmar maƙwabta. Guguwar makon nan kuwa ta yi ɓarna sosai, ta tuge itatuwa, ta ɗauke mana wuta, ta bar bakin teku tsirara, tsakuwa baƙa wuluk har iya ganin ido.

Ardith ta iso tana haki, ta buɗe hannayenta biyu. Abin ya kai ƙaramin curin burodi. Rawaya ne, irin rawayar zumar da ta fara daskarewa a kwalba, yana wani sheƙi mai laushi kamar an shafa masa man shanu. Gefe guda akwai ɓawo fari-fari mai kaushi, sauran jikin kuwa sumul.

Na karɓa, hannuna ya yi ƙasa.

"Yaya, ai wannan da nauyi."

"Shekara ɗari uku yana kwance a ruwa, ba zai yi nauyi ba? Ke da ba ki kwana a ruwa ba ma ga yadda kika koma."

"Kuma da sanyi."

"A cikin tanda na ce miki na tsince shi? Ba ni abina."

Ni ma ban so musun ya yi nisa ba. Na sake dubansa, na ga wannan maiƙon, na tuna Baba a sunkuye da hularsa ta ulu, sai kawai na ji na rungume yayata. Muka kama tsalle, tsofaffi biyu a tsakiyar tsakuwa, muna ihu muna kiran Baba ya zo ya gani. Igiyar ruwa ta lallaɓo ta bayanmu ta cika mana takalma fal, ko a jikinmu.

Ardith ta cire mayafin wuyanta ta naɗe abin, ta rungume shi kamar jariri. Daga nan ba mu zame ko'ina ba sai gidan abincin Bernadine, inda duk wanda ya fito daga bakin teku yake zuwa ya sha kofi ya yi ƙaryar abin da ya kusa tsinta. Takalmanmu na ta cakwal-cakwal muka shiga.

"Bernadine, goge teburin can," in ji Ardith. "Da kyau. Baƙo ne daga Sifaniya."

Kafin ta gama warware mayafin, kowa ya bar kujerarsa. Duane, tsohon mai kamun ƙaguwa wanda bai taɓa ganin abu ya ce bai san shi ba, ya ture mutane da gwiwar hannu.

"Ku matsa, ku bar hanci ya yi aiki."

Ya sunkuya, ya lumshe ido, ya ja numfashi mai tsawo.

"Zuma," ya ce. "Zumar ƙasashen gabas ce ma, ba irin tamu ba."

"Ni ƙanshin coci nake ji," in ji Bernadine da ta shinshina. "Irin na ranar Kirsimeti."

Sai layi ya kafu. Kowa ya sa hanci ya ɗago da zumarsa. Wata mata ta ce ta ji har da furanni. Da aka zo kaina na shinshina iya ƙarfina, ban ji komai ba sai ƙarnin teku da turaren wuyan Ardith, amma na gyaɗa kai na ce, "Akwai ɗan ƙanshi-ƙanshi kam." Duane ya gano wata 'yar tsaga a gefe ya ce tambarin mai kayan ne, har ya kusa karanta mana sunansa. Bernadine ta yanko mana kek ɗin tuffa, ta ce yau gidan nan gidan biki ne. Ardith na zaune a tsakiya, gashinta a jiƙe, kumatunta jajir, tana ba da labarin tsintuwar, kuma kowane zagaye sai igiyar ruwan da ta tsallake ta ƙara tsawo.

Ana cikin haka Bernadine ta ce, "Amma da kun biya ta wajen Toivo ya ɗan duba muku."

Har cokalin Duane ya tsaya a iska.

Toivo tsohon mijin Ardith ne, uban 'yarta. Mutumin kirki, ba ya sha, ba ya faɗa, amma duwatsu sun cinye masa kai. Aljihunsa duwatsu, aljihun tebur duwatsu, ƙarƙashin gado duwatsu, ga gangunan goge su suna juyawa dare da rana kamar jirgi zai tashi a cikin gida. Ran da Ardith ta buɗe tukunyar da take dafa romon naman kumbar teku ta tarar ya jiƙa tsakuwa a ciki, ta ce ya zaɓa, ko ita ko su. Shi kuma, maimakon ya faɗi ƙasa ya roƙi gafara, sai ya ce ta ba shi lokaci ya yi tunani. An fi shekara ashirin da rabuwar. Suna gaisawa a bikin jikoki, irin gaisuwar jakadun ƙasashen da ba sa shiri.

"Me ya haɗa kakin zuma da mai lasar duwatsu?" in ji Ardith. Ta naɗe jaririnta. "Glenda, tashi mu tafi."

Baba ya sha faɗa cewa ran da ya samu kakin zai yanki ɗan guntu ya yi kyandir, ya kunna ya ga irin hasken da mutanen dā suke gani. Wannan ne Ardith ta ƙudurta yi. Muna isa gida ta shimfiɗa tawul a teburin kicin, ta ɗauko wuƙar gyaran kifi, ta wasa ta, ta ce in riƙe mata abin da kyau.

Wuƙar ta yi wata ƙara, ƙiiii, har haƙorana suka amsa. Ta zame ta bar layi mai ruwan toka. Na sa babban yatsa na goge, layin ya fita tas. Ashe ba abin ne ya ji ciwo ba, wuƙar ce ta bar ƙarfenta a jikinsa.

"Yaya."

"Sanyi ne ya sandarar da shi. Man shanu ma in ya kwana a firij haka yake."

"Man shanu yana lanƙwasa wuƙa?"

"Ke dai ba ni allura."

Ta gasa allurar a wuta har ta yi ja, ta danna. Na kafa hanci ina jiran ƙauri, ko ɗan ɗigo ya gangaro. Babu hayaƙi, babu ɗigo. Allurar ta zille, zafi ya kai yatsanta, ta yi wurgi da ita tana wayyo, ta cusa yatsan a baki.

"Kakin mutanen dā ne," ta ce da yatsa a baki. "Ba irin na yanzu ba da ake algus."

Sai ta jawo babbar tukunyar da muke dafa ƙaguwa, ta cika ta da ruwa, ta ɗora a wuta. Duk ɗan garinmu ya san kaki a saman ruwa yake yawo, ai da haka yake isowa gaɓa. Na sani, ta sani. Ta riƙe shi a saman tukunyar, ta sake.

Ƙwal! Sai gindin tukunya.

Muka leƙa tare. Yana can ƙasa a zaune kamar kwaɗo mai fushi. Muka ja kujeru, muka zuba kofi, muka zauna gadi. Ruwa ya fara tururi, tagogi suka yi gumi. Can Ardith ta tashi ta ɗauki ludayi ta zungure shi.

"Ya fara laushi?" na tambaya.

"Ludayin ne ya fara laushi."

Ni na fara. Na toshe baki amma ta hanci ta fito. Ardith ta harare ni, ta ɗaure fuska, leɓenta na rawa, sai ita ma ta fashe. Muka yi ta dariya har na zame daga kujera na zauna a ƙasa, ita kuma ta dafa bango tana bubbuga ludayi a cinya.

"Zumar ƙasashen gabas!" ta ce, hawaye na zuba. "Ba irin tamu ba!"

"Ƙanshin coci!"

"Ke ma fa kin ji ƙanshi, munafuka!"

Da muka lafa ta kashe wuta, ta tsamo shi, ta ajiye a tawul. Yana nan yadda yake, sai ma ƙara kyau da ya yi, rawayar ta fito sosai, tururi na tashi daga jikinsa. Ardith ta daɗe tana kallonsa, hannu a ƙugu.

"To kai kuma wane ne?" ta tambaye shi.

Na san yayata, za ta iya haƙura da yunwa, amma ba ta iya kwana da tambaya a ciki. Ta zagaya teburin, ta goge abin da ba ya buƙatar gogewa, ta dawo.

"Ɗauko makullin mota. Kuma in mun je, ke ce mai tambaya, ni rakiya na yi."

Tun daga bakin hanya muka jiyo gurnanin gangunan Toivo. Na tsayar da a-kori-kurarmu a gaban garejinsa. Yana ciki, dogo siriri kamar sanda, da rigar leda a gaba, gilashin ƙara girma a goshi. Da ya ga Ardith sai ya cire hula, ya rasa yadda zai yi da ita, ya mayar.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Glenda ce ke da tambaya."

"Ƙanwata, ashe kina raye. Har yanzu kina ƙona kek?"

"Har yanzu kana cin tsakuwa da madara da safe?" na ce. "Wani abu muka tsinta."

"Na tsinta," in ji Ardith, ta manta rakiya ta yi. Ta ture wasu gwangwanaye daga teburinsa, ta ajiye, ta warware mayafin.

Toivo ya sunkuya kan abin. Ya sauko da gilashin kan idonsa, ya sake ɗaga shi. Ya goge hannuwansa a wando, ya ɗauki abin a hankali, ya juya shi, ya kanga a kumatunsa. Sannan ya fito da harshe ya lasa.

"Kin gani ko?" Ardith ta ce mini. "Kin ga abin da na zauna da shi?"

"In ya jiƙe ne launinsa na gaskiya ke fitowa," ya ce, idonsa na kan abin. "Me ya sa nake jin ɗanɗanon ƙaguwa?"

"Mun ɗan dafa shi."

"Kun me?"

"Dafa shi muka yi. Kaɗan."

Ya rungume shi a ƙirji kamar za mu ƙwace mu mayar tukunya. "Ardith, da ya tsage fa! Wane mahaluki ne yake dafa... Me kuka ɗauka, dankali?"

"Kakin jirgi muka ɗauka. Kaki ne ko ba kaki ba ne, ka faɗa mana mu tafi."

"In wannan kaki ne, ni ƙudan zuma ne. Ku zauna. A'a, kada ku zauna, ku matso."

Ya ɗauko ƙusar ƙarfe ya karta, ba ta yi masa komai ba. Ardith ta ce wannan mun riga shi, mun ma yi asarar wuƙa. Ya ɗauko tsohuwar kwalba ya ja gefen dutsen a jikinta, sai ga zane fari ya fito a gilashin, ya goge bai gogu ba.

"Ya fi ƙarfe tauri, ya fi gilashi," ya ce. "Ƙanwata, miƙo min ruwan khal can, mai tsamin nan. Akwai wani dutse dangin alli, shi ma yakan zo rawaya haka ya ruɗi mutane. Shi da ya ji tsami sai kumfa."

Ya ɗiga. Muka haɗa kawuna uku muna jira. Ɗigon ya zauna lafiya lau, ya gangara.

"Babu kumfa," ya ce, muryarsa ta fara sirancewa. Ya juyo da tsagar da Duane ya ce tambarin mai kaya ce. "Dubi inda ya ɓantare. Kin ga yadda ya lotsa, sumul, kamar cikin ɓawon kumba? Haka dangin ƙanƙarar dutse suke ɓantarewa. Saura abu ɗaya. Glenda, jawo ƙofar nan."

Na sauke ƙofar garejin, ya kashe fitila, har gangunan ya kashe, abin da Ardith ta ce bai taɓa yi mata ba tsawon aurensu. Muka tsaya cikin duhu. Na ji yana laluben tocila. Ya kafa bakinta a ƙarƙashin dutsen ya kunna.

Dutsen ya kama da haske gaba ɗayansa. Ba ta cikinsa ake gani ba kamar gilashi, hasken ne ya shiga ya zauna. Tsakiyar kamar gwaiduwar ƙwai, gefe-gefe kamar shayi marar madara, can ciki wani ɗan gajimare fari yana kwance. Fuskokinmu uku duk suka koma ruwan zinariya.

"Da akwai zane a ciki, layi bisa layi, da na ce dutsen aƙiƙ ne, irin wanda kowa ke tsinta a tsakuwa," Toivo ya ce a hankali. "Da haske ya ƙi ratsa shi, da wani ɗan'uwansu ne daban. Wannan babu layi, ga shi ya sha haske. Kalsidoni ne, Ardith. Rawayan kalsidoni."

"Kalsi-wa?"

"Kalsidoni."

"Sunan kamar na maganin ciwon gwiwa. To don me yake shigar kaki yana yaudarar tsofaffi?"

"Ƙwayoyinsa ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, sun cure da juna. Shi ya sa ba ya walƙiya, sai dai wannan sheƙi na maiƙo. Ba ke kaɗai ya taɓa ruɗawa ba."

Ardith ta miƙa yatsanta mai ƙuna ta taɓa shi.

"Ashe dai ba na Baba ba ne," ta ce.

Muka ji ruwan sama ya fara yayyafi a kan kwanon garejin.

Sai Toivo ya kunna fitila, ya hau kan akwati, ya sauko da wata kwalba daga can saman kanta. Ya zazzage ta a tebur. Duwatsu ne rawaya, masu irin wannan maiƙon, amma wasu kamar wake, wasu kamar gyaɗa. Babbansu bai wuce lemon tsami ba.

"Tun ina da gashi nake tara su," ya ce. "Wannan babban, ran da na same shi ban ci abinci ba don murna."

Ardith ta dubi tarin, ta dubi nata. Ta sake duban tarin. Na ga abin yana shiga kanta sannu a hankali, kamar yadda hasken ya shiga dutsen.

"Tsaya. Kana nufin nawa ya fi naka?"

"Ardith, ko an narka nawa duka an cure, ba su kai rabin naki ba. Ban taɓa ganin irinsa a gaɓar nan ba."

"Kai da ka yi rayuwarka kaf a sunkuye."

"Ni ɗin."

"Ni kuma da na fita miƙe ƙafa."

"Ke ɗin."

Ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta ɗaga hannuwa sama ta fara taka rawa a tsakiyar garejin, takalman roba na cakwal-cakwal, tana zagaya teburin tana rera "nawa ya fi naka" da wata murya da ta ƙirƙira nan take. Na ɗauka Toivo zai sha kunu. Ina! Sai ya jefar da hula ya bi bayanta, dogayen ƙafafunsa na harbin iska, yana amsa mata, "Ya fi! Ya fi nesa ba kusa ba!" Ya ture gwangwanin tsakuwa, ta watse ko'ina, na kusa zamewa, na kama kanta ina dariya har cikina ya ƙulle. Murnar da yake yi ta gaske ce, ko ɗigon hassada babu, kuma na lura wannan ya ɗan rikita yayata, domin ta zo da shirin faɗa ne.

Da numfashi ya ƙare musu suka zube a kan benci ɗaya.

"Bari in yanka shi," ya ce. "Sala ɗaya tak. Siririya."

"Ka yanka wa? Taɓa shi da zarto ka gani."

"To in goge fuska ɗaya. Nan gefen kawai. Za ki ga fuskarki a ciki."

"Na ga fuskata, ba ta burge ni ba."

"Ardith, don girman Allah."

"Sake faɗa, ban ji ba. Glenda, kin ji yana roƙo? Ran da na tattara kayana bai roƙe ni haka ba."

"Ran nan ba ki da kalsidoni," ya ce.

Na ce yau za a yi kisan kai a gabana. Amma sai ta kai masa duka a kafaɗa da mayafi tana dariya, ta ce tsohon banza, har yanzu bai iya bakinsa ba. Ta yarda ya goge fuska ɗaya, da sharaɗin tana tsaye a kansa. Sai ya matso ya rage murya.

"A ina kika same shi?"

"A teku."

"Haba, Ardith."

"To a Sifaniya."

Ya duba agogo, ya ce ruwan teku ya kusa cikowa, in ba a je yanzu ba yashi zai rufe tsakuwar, sai kuma wata guguwar. Ta ja masa rai iya son ranta, sannan ta miƙe ta ce ya ɗauko bokiti, amma shi zai riƙe.

Mu uku muka cusa kanmu a gaban a-kori-kura, Toivo a tsakiya, gwiwoyinsa a haɓa, dutsen a cinyar Ardith. Yayyafi na sauka, ruwa kuwa ya riga ya cinye rabin tsakuwar. Ardith ta tsaya ta ƙare wa gaɓar kallo kamar mai gonar, ta nuna wani wuri kusa da wani kututture.

"Nan ne. Ko kuwa can. Kututturen ne ya matsa."

Toivo bai jira ba, ya faɗa ruwa har ƙauri, a sunkuye, yana damƙo tsakuwa yana watsarwa. Muna ta yi masa ihu ya waiwaya. Bai ji ba, ko ya ji ya ƙi. Igiya ta taso ta share masa ƙafafu, sai ga shi zaune daɓas cikin kumfa, ruwa har ƙirji, hannu ɗaya a sama riƙe da wani ɗan dutse. Ardith ta miƙo min nata dutsen, ta kutsa, ta kama shi ta igiyar wandonsa ta baya, ta jawo shi gaɓa tana zazzaga masa faɗa, shi kuma yana tari yana dariya yana nuna mata abin da ya samu. Guntun kwalbar giya ne.

Ba yadda za a yi a bar tsoho ya koma gareji a jiƙe. Muka kawo shi gida. Na fito masa da kayan marigayi mijina, wandon ya tsaya masa a ƙwauri, rigar kuwa ta isa mutum biyu irinsa. Ardith ta ɗumama romon kumba, ta yanka burodi da wuƙar da ta rage mai kaifi. Ya zauna a teburinmu yana sha yana satar kallon dutsen, ita kuma ta kafa gwiwar hannu a kusa da shi, wai kada a sace.

Ba su mayar da aure ba, ko da yake Bernadine ta baza a gari cewa har an sa rana. Ya goge fuskar ɗaya kamar yadda aka yi alkawari, Ardith na tsaye a kansa tana ba shi umarni kan aikin da ba ta sani ba. Sunan dutsen kuwa har yau ba ta faɗe shi daidai sau biyu a jere ba, amma duk baƙon da ya shigo sai ta rufe labule ta kunna masa tocila.

A ranar dai, da ya gama cin abinci, ta raka shi bakin ƙofa da jiƙaƙƙun kayansa a leda. Ni zan mayar da shi a mota. Ya tsaya yana juya ledar a hannu, yana neman abin faɗa.

"Gobe ruwan teku zai ja baya da sassafe," in ji Ardith. "In ka makara, mu mun tafi."